Wanda Ya Riga Ka Shiga Ɗaki: Tarihin Rainon Sabon Ɗalibi a Jami'o'in Katolika

Duk wanda ya taɓa riƙe hostel a jami'a ya san labarin sabon ɗalibi ba ya isowa ofis sai ya yi tsami. Yaron da ya daina cin abinci, yarinyar da guzurinta ya ƙare tun wata bai yi ba ta kasa faɗa wa gida, wanda ya faɗi jarrabawa karon farko a rayuwarsa ya shige ɗaki ya ja bargo: kafin takardar ɗayansu ta zo teburina, mai kwana a gadon sama ya daɗe da sani. Na yi shekaru ina wannan aiki a wata jami'a a Arewa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mafi kusa da matsala ba shi da hurumi, mai hurumi kuma yana can nesa a gidansa. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda jami'o'in ɗarikarmu ta Katolika suka ɗauki wannan maƙwabcin gado suka ɗora masa aiki. Na tarar al'adar ta tsufa ƙwarai, kuma tun farkonta ana ja-in-ja a kan abu guda: shin babban ɗalibi ido ne na hukuma, ko kunne ne na ƙanensa?

A shekarar 1180 wani mutumin Landan mai suna Jocius, a hanyarsa ta dawowa daga Ƙudus, ya tsaya a birnin Faris na Faransa. A asibitin Hôtel-Dieu da ke gefen babbar majami'ar birnin ya ga wani ɗaki da talakawan ɗalibai ke raɓewa, ya biya kuɗi aka ware shi har abada domin mutum goma sha takwas. Abin da aka nema daga gare su shi ne su ɗauki gicciye da ruwa mai tsarki a gaban gawar wanda ya mutu a asibitin, su kuma karanta Zabura kowane dare domin masu taimakonsu. Ana lissafa wannan ɗaki a matsayin kwaleji ta farko a Faris. Babu aji a cikinta, babu malami, gado ne da addu'a. Koyarwa daga baya ta shigo kwalejoji, bayan irin su Robert de Sorbon, limamin Sarki Louis na Tara, sun kafa nasu gidajen a tsakiyar ƙarni na 13.

Dalilin gina gidajen ba ɓoyayye ba ne. Yara 'yan shekara goma sha huɗu ko sha biyar ke barin ƙauyukansu su faɗo cikin babban birni, kuma waɗanda suka fara cin zalinsu su ne ɗalibai 'yan'uwansu. Sai sabon shiga ya sayi giya da abinci ya ciyar da tsofaffi kafin a bar shi ya sha iska. Abin ya kai jami'ar Faris ta kafa doka a farkon shekarun 1340 tana hana karɓar kuɗi da ƙarfi daga sababbi. A jami'o'in Jamus kuwa har biki aka mayar da shi: a ɗaura wa yaro ƙaho da haƙoran gadu, a ce dabba ce ta shigo daga daji, a bi shi da zarto da almakashi ana "gyara" shi, sannan ya biya kuɗin liyafa. Wanda aka taɓa kira jambito aka aike shi ɗebo ruwa da tsakar dare ya san ɗanɗanon wannan miya. Saboda haka kada a ɗauka cewa ɗalibi da kansa yake zama alheri ga ɗalibi. In an bar su haka nan, babba kan ci ƙarami. Al'adar da nake ba da tarihinta ƙoƙari ne na karkatar da ƙarfin da babba ke da shi a kan ƙarami zuwa wata hanya.

Amsar farko ta fito fili a Ingila, kuma amsar ido ce. Dokokin kwalejin Merton ta Oksfod, wadda aka kafa a 1264, sun tanadi cewa kowane ɗaki ya samu wani babba mai hankali da zai lura da karatu da halin sauran, ya kai rahoto. William na Wykeham, Bishop na Winchester, ya ƙara gaba. A kwalejin da ya kafa a Oksfod a 1379 ya sa ana biyan manyan ɗalibai su koyar da ƙanana, a makarantarsa ta Winchester mai yara saba'in kuma ya sa manya uku a kowane ɗakin kwana. Daga wannan zuriya firfet ɗin makarantun kwana na Ingila ya fito, Turawan mulkin mallaka suka kawo mana shi har Katsina da Zariya. Tsarin ya yi kama da zaman gardi da ƙolo a tsangaya: shi ke biya masa allo, shi ke tashinsa da asuba, shi ne kuma mai bulala. Ya rage ɓarna, ba shakka. Amma yaron da ya san kana kai rahoto ba zai faɗa maka abin da ke hana shi barci ba.

Amsa ta biyu ta fito daga wani ɗaki guda a kwalejin Sainte-Barbe ta Faris, kuma a nan nake so mu daɗe. Tun 1525 samari biyu ke zaune a ɗakin, dukansu haihuwar 1506. Peter Faber ɗan makiyaya ne daga ƙauyen Villaret a tsaunukan Savoy, mai kaifin ƙwaƙwalwa, mai sanyin hali, amma waswasi ya addabe shi: kullum gani yake bai tuba daidai ba, bai kuma san abin da zai yi da rayuwarsa ba, ko aure, ko likitanci, ko firistanci. Francis Xavier kuwa ɗan manyan gida ne daga Navarre, ɗan wasan tsalle, mai son suna, kuɗi ba sa zama a hannunsa. A watan Oktoba na 1529 aka ƙara musu mutum na uku, wani tsohon soja mai ɗingishi, ɗan shekara talatin da takwas, Ignatius na Loyola. A shekaru ya girme su nesa ba kusa ba, a karatu kuwa shi ne sabon shiga. Malaminsu Juan de la Peña ya ɗora wa Faber aikin maimaita masa darussan Aristotle.

Abin da ya biyo baya shi ne misali mafi kyau da na sani na wannan al'ada, domin taimakon bai bi hanya ɗaya ba. Faber na buɗe wa Ignatius falsafa, Ignatius na sauraron waswasin Faber. Bai yi masa wa'azi ba, bai kai ƙararsa ba. Ya koya masa yin lissafin kansa kowace rana da zuwa ikirari kowane mako, ya raba kuɗin da yake roƙowa daga 'yan kasuwar Sifaniya a Flanders lokacin hutu, har ya zama cinsu ɗaya, aljihunsu ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. Ignatius na da wani tsarin keɓewa na kwana talatin da ya tsara, wanda yake ganin shi ne mafi girman abin da zai ba mutum, amma sai da ya jira kusan shekara huɗu kafin ya sa Faber a ciki, saboda ya ga zuciyar yaron ba ta kwanta ba tukuna. Xavier kuwa da ba'a ya fara tarbarsa. Ignatius ya ƙyale ba'ar, ya riƙa tura masa ɗalibai lokacin da ya fara koyarwa, ya cike masa giɓi in kuɗi sun yanke.

Hukumar kwalejin ba ta ji daɗin abin ba. Ganin ɗalibai na bin Ignatius zuwa sujada ranar Lahadi suna barin muhawarar aji, shugaban kwalejin, Diogo de Gouveia, ya yanke a yi masa bulala a zauren cin abinci a gaban kowa. Ignatius ya je ya same shi suka yi magana, Gouveia ya janye hukuncin. Shi ne kuma daga baya ya ba Sarkin Fotugal shawarar neman waɗannan samari domin aikin bishara a Indiya. Ranar 15 ga Agusta 1534 su bakwai suka hau tudun Montmartre suka ɗauki alkawari, Faber, wanda shi kaɗai ne firist a cikinsu, ya yi musu Misa. A 1540 Fafaroma ya amince da ƙungiyarsu ta Jesuit. Xavier ya isa Goa a 1542, ya rasu a wani tsibiri a gaɓar Sin a 1552.

Da 'yan Jesuit suka shiga buɗe makarantu, daga Messina a 1548 zuwa Roma a 1551, sun tafi da amsoshin biyu. Kundin tsarin karatunsu na 1599 ya raba aji goma-goma, kowane rukuni da ɗalibin da ke karɓar hadda ya rubuta wanda bai kawo aiki ba. A gefe guda kuma wani matashin malami ɗan Beljiyam, Jan Leunis, ya fara tara ɗalibai bayan tashi daga aji a 1563 domin addu'a da ziyarar marasa lafiya, su ke zaɓen shugabanninsu daga cikinsu. Fafaroma Gregory na Goma Sha Uku ya tabbatar da wannan zumunta a 1584, ta bazu a Turai.

Wanda ya fito da hujja ya kare ra'ayin cewa ɗalibi na iya gyara ɗalibi shi ne John Henry Newman, lokacin da aka kira shi ya kafa Jami'ar Katolika ta Ailan a Dablin. A laccocinsa na 1852 ya nuna cewa da za a ba shi zaɓi tsakanin jami'ar da ke raba digiri ta jarrabawa kawai ba tare da zama tare ba, da wadda ba ta da farfesa ko ɗaya amma tana tara samari wuri guda shekara uku ko huɗu, ta biyun zai ɗauka, domin matasa na goge juna ko babu mai koyar da su. Da jami'ar ta buɗe a Nuwamba 1854 da ɗalibai kimanin ashirin, ya raba su ƙananan gidaje, kowanne da shugabansa da ɗakin sujadarsa da teburin cin abinci ɗaya. Shi da kansa ya riƙe gida guda a titin Harcourt, yana zaune da ɗalibansa. Jami'ar ba ta yi ƙarfi ba, ya ajiye aiki a 1858, amma ya bar darasin da nake ganin ana yawan tsallakewa: ya yarda da tasirin ɗalibi a kan ɗalibi, kuma duk da haka bai tafi ya bar su su kaɗai a gidan ba.

Inda al'adar ta yi jijiya sosai a zamaninmu shi ne Jami'ar Notre Dame a jihar Indiyana ta Amurka, wadda Fada Edward Sorin, Bafaranshe ɗan ƙungiyar Holy Cross, ya kafa a 1842 yana da shekara ashirin da takwas. Farkonta tsantsar ido ce. Ɗalibai na kwana a manyan zauruka, gado kusa da gado, mai lura da su ɗan zuhudu yana kwance a kusurwa. Sai a ƙarshen shekarun 1880 aka gina Sorin Hall mai ɗakuna na mutum ɗaiɗai, abin da wasu a lokacin suka ɗauka sakaci ne. Fada John O'Hara, wanda daga baya ya zama Kadinal a Filadelfiya, ya fara fitar da takardar nasiha ga ɗalibai a 1921, yana kuma bin lissafin masu karɓar Jibi Mai Tsarki. Har farkon shekarun 1960 ana yanke wutar ɗakuna da dare, ana kuma sa ɗalibi ya sa hannu da sassafe a ƙofar ɗakin sujada wasu ranaku na mako. Sababbin shiga kuwa gidajensu daban, a tara su wuri guda, shekara ta zagayo kowa ya nemi wani gida gwargwadon makinsa.

A ƙarƙashin Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1952 zuwa 1987, kuma shi ma ya taɓa riƙe gidan ɗalibai, aka sauke yawancin waɗannan dokoki. A 1962 aka kafa sashe na musamman mai kula da karatun 'yan shekarar farko. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara abin da, a ganina, ya fi duk sauran muhimmanci: aka daina ware sababbi, aka gauraya 'yan aji ɗaya da 'yan aji huɗu a gida ɗaya, mutum ya shiga gida ya zauna a cikinsa har ya gama. Ɗari biyu da duk jiya suka zo ba su da abin da za su ba juna sai ruɗani. In kuwa ƙofar da ke kallon taka ta wanda ya faɗi wannan kwas ɗin bara ce, ya sake shi ya ci, to ka samu wanda zai ce maka ba ƙarshen duniya ba ne, kuma ka yarda. A 1972 aka fara ɗaukar mata, aka ba su gidajen Badin da Walsh.

Yau jami'ar na da gidaje sama da talatin, babu ƙungiyoyin 'yan'uwantaka irin na sauran jami'o'in Amurka da ake shiga ta hanyar gwale-gwale. Jami'a ce ke haɗa sabon ɗalibi da abokin ɗakinsa, ba shi ke zaɓa ba. Kowane gida na da ɗakin sujada, da rekta mai kwana a cikin gidan, firist ko sista ko wanda ba ɗan zuhudu ba, da mataimakansa daga masu karatun gaba da digiri, sannan a kowane layin ɗakuna akwai ɗan ajin ƙarshe da aka tantance aka horar. Ɗaliban gidan ne ke tarbar sababbi ranar zuwa, su sauke musu kaya daga mota. Misar Lahadi da dare ake yinta a cikin gida, ɗalibai ke karatu da waƙa, a gidan Dillon har akwai Misar daren Alhamis da ake shan madara mai sanyi bayanta. Fada Edward Malloy, wanda ya gaji Hesburgh, a ɗaki cikin Sorin Hall ya ci gaba da kwana duk tsawon shugabancinsa. Daga 'yan shigar 2018 an wajabta zama a gidajen shekara uku.

Kada a ce tsantsar hikima ce ta kawo wannan sauyi, akwai tilas a ciki. A 1965 Amurka na da sistoci kusan 180,000 da firistoci sama da 58,000. Zuwa 2014 sistocin sun koma ƙasa da 50,000, firistocin ƙasa da 40,000. Babu sauran isassun 'yan zuhudu da za a ajiye a kowane bene. Kotunan ƙasar ma tun 1961 suka fara rushe ra'ayin cewa jami'a na tsaye a matsayin uba, a 1971 kuma aka ba ɗan shekara goma sha takwas ƙuri'a. Ikilisiya ta riga ta tanadi hujjar tauhidi. Joseph Cardijn na Beljiyam ya daɗe yana koyar da cewa ma'aikaci ne zai kai wa ma'aikaci bishara, ɗalibi kuma ɗalibi, Majalisar Vatican ta Biyu kuma ta ɗauki wannan a takardarta ta Nuwamba 1965 kan aikin waɗanda ba firistoci ba, inda ta ɗora wa matasa nauyin 'yan'uwansu matasa. Bishop-bishop na Amurka sun ƙarfafa shi a wasiƙarsu ta 1985 kan hidima a jami'o'i, Fafaroma John Paul na Biyu kuma a 1990 ya sa kula da ruhin ɗalibai cikin abin da ke sa jami'a ta amsa sunan Katolika.

Jami'ar Georgetown ta 'yan Jesuit a Washinton ta nuna cewa abin bai tsaya kan 'yan ɗarika ba. Masu hidima daga addinai daban-daban na kwana a gidajen ɗalibanta, manyan ɗalibai na fita da sababbi bayan gari su kwana suna ba su labarin tuntuɓen da suka yi a shekararsu ta farko, kuma a 1999 ta ɗauki Imam Yahya Hendi a matsayin limamin ɗalibai Musulmi na cikakken lokaci. Wannan ya yi mini daidai. Yaron da ke kuka a bayan ƙofa ba a fara tambayarsa inda yake sujada.

Tsohuwar ja-in-jar dai ba ta mutu ba. Ɗan ajin ƙarshen nan da ake so ya zama kunne, shi ne kuma aka ce ya rubuta wanda ya shigo da giya, kuma akwai abubuwan da doka ta hana shi rufewa ko da an roƙe shi, kamar fyaɗe ko barazanar kashe kai. Ni ban ga aibu a nan ba, muddin ya faɗa wa ƙanensa tun ranar farko abin da zai iya riƙewa da abin da dole ya kai gaba. Abin da nake tsoro biyu ne. Na ɗaya, a mayar da shi arha: yaro ɗan shekara ashirin da ɗaya, ga tasa jarrabawar, a bar masa ciwon da likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai iya, don hukuma ta huta. Na biyu, a bar shi ba mai duba shi. Kusanci iko ne, kuma abin kunyar cin zarafin yara da wasu firistoci suka yi, wanda ya fallasa a Boston a 2002, ya koya wa Ikilisiya da tsada cewa sunan addini ba ya hana mai iko cin amana. Tsarin Notre Dame na aiki ne saboda bayan ɗalibin akwai babba da ke kwana a ƙasan bene, wanda za a buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare.

Mu a nan ba mu rasa kayan aikin ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN tun 1954 take, ta ɗaliban Katolika NFCS tun 1956, ta ɗalibai Kirista FCS ta fara a Gindiri a 1957, kuma duk shekara su ke tsayawa a bakin ƙofa suna nuna wa sababbi inda ake rajista. Bishop-bishop na Nijeriya ma na da tasu jami'ar, Veritas, a Bwari kusa da Abuja, wadda ta samu lasisi a 2007. Abin da ya rage shi ne cikin hostel ɗin kansa, inda ɗakin mutum huɗu ke ɗaukar goma, ake sayar da gado, 'yan ƙungiyar asiri da masu farautar sababbin 'yan mata kuma suka fi kowa saurin gane wanda ya zo jiya. Roƙona ga shugabannin sashen harkokin ɗalibai, na jami'o'in gwamnati da na addini, shi ne su daina tara 'yan aji ɗaya su kaɗai a bulo guda. A zaɓi 'yan ajin ƙarshe masu mutunci, Musulmi da Kirista, a horar da su kafin a buɗe makaranta, a ba su gado kyauta da lambar likita da ta mai ba da shawara, a kuma gina wa mai riƙe hostel ɗaki a cikin hostel ɗin ya riƙa kwana a can.